Sharhi: Jinin da ido yake rainawa a ɗakin haihuwa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau zai leƙa ɗakin haihuwa ne, inda wani bincike da aka yi da hannun likitocin Kano ya sauya yadda duniya take tunkarar zubar jini bayan haihuwa.

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mai naƙuda a barandar asibiti ya san yadda abin yake. Da an ji kukan jariri sai kowa ya saki ajiyar zuciya, a shiga buga waya: ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. Kaka ta karɓi jinjira, miji ya fita nemo ruwan zafi da kayan shayi. A daidai wannan lokaci da hankalin kowa ya bar maijego, a nan hatsarin ya fi yawa. Dab da haihuwa, jinin da ke ratsa mahaifa yakan kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Idan mabiyiya ta faɗo, wurin da ta ɓamɓaro a jikin mahaifa buɗaɗɗen rauni ne, kuma abin da ke tsayar da jinin shi ne mahaifar ta ƙanƙance ta yi tauri, ta matse jijiyoyin. In ta saki jiki ta yi laushi, sai jini ya ɓalle. Mace mai ƙoshin lafiya tana iya rasuwa cikin awa biyu. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, saboda zazzaɓin cizon sauro ko rashin abinci mai gina jiki, ba ta ma kai haka.

A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata miliyan 14 ne ke fuskantar wannan zubar jini kowace shekara, kuma kimanin 70,000 daga cikinsu ba sa tashi. A lissafin da ya haɗa dukkan dalilan mutuwar mata wajen ciki da haihuwa kuwa, Najeriya ce kan gaba: kimanin mata 75,000 a shekarar 2023, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Likitoci suna cewa jini ya wuce kima idan ya kai mililita 500, kwatankwacin ledar fiya wata guda. To amma wa yake aunawa? Shekara da shekaru, ido ne ma'auni. Ungozoma ta dubi zani, ta dubi ledar gado, ta dubi abin da ya ɗiga ƙasa, ta ce da sauƙi. Zanin atamfa mai duhu yana shanye jini ya ɓoye shi, katifa ta sha nata. A gida kuma akwai maganar da muka gada, cewa jinin banza ne, dattin ciki ne, gara ya fita. Kafin a ankara maijego ta fara ganin jiri, gumi mai sanyi ya keto mata, leɓenta ya yi fari, tana neman ruwan sha. Sai a lokacin za a fara kiran mai adaidaita sahu.

Wannan giɓi ne Farfesa Hadiza Galadanci, likitar mata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma malama a Jami'ar Bayero, ta sa a gaba tare da abokan aikinta. Ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya na wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗa hannu a kansa. An tsara shi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kusan rabinsu a ƙasar nan, kuma ya shafi mata fiye da 200,000. Ba manyan asibitocin koyarwa aka zaɓa ba, irin asibitocin gwamnati ne na tsaka-tsaki da talaka ke zuwa.

Dabarar ba wani injin mai tsada ba ce. Wata shimfiɗar leda ce da ake sa wa mace a ƙarƙashinta da zarar jariri ya fito, ƙasanta ya tsuke ya zama aljihu, an yi masa layukan awo a jiki. Jini ya gangara ya taru a ciki, ungozoma ta karanta. Ya kai 500, ko ya kai 300 alhali bugun zuciya ko awon hawan jini ya fara sauyawa, to babu sauran shawara.

Kashi na biyu na dabarar ya fi burge ni. A da, bi da bi ake yi: a ba da wannan magani a jira, in bai yi ba a gwada wancan, jini kuwa yana ta tafiya. Binciken ya ce a haɗa su gaba ɗaya cikin minti 15. A murza mara don mahaifa ta yi tauri, a yi allurar oksitosin mai matse ta, a ƙara da tiraneksamik asid mai hana gudan jini narkewa, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in abin ya faskara a kira babban likita. Duk kayan suna cikin akwati ɗaya ko keken tura magani a gefen gado, ba sai an rubuta wa miji takarda ya bi kemis-kemis da tsakar dare ba. Kuma ungozoma tana da ikon fara aikin ba tare da jiran likita ba.

An buga sakamakon a watan Mayun 2023. A asibitocin da suka ci gaba da yadda aka saba, kusan rabin matan da jini ya ɓalle musu ne kawai aka gano. Inda aka sa ledar, an gano kashi 93 cikin 100. Mummunan sakamako, wato zubar lita guda ko fiye, ko shiga tiyata don tsayar da jini, ko rasuwa, ya sauko daga mata 43 cikin 1,000 zuwa 16. Raguwar kashi 60 ke nan. A nan sai a yi hattara, don za ka ji ana cewa mutuwa ce ta ragu da kashi 60. Lissafin ya haɗa abubuwan nan uku ne, kuma mafi yawansa zubar jini mai tsanani ne. Ko a hakan ma ba ƙaramin abu ba ne a garin da samun ledar jini guda kan tayar da dangi tsaye. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsari cikin shawarwarin da take bai wa ƙasashe, a 2024 kuma mujallar TIME ta Amurka ta sa Farfesa Galadanci cikin mutum 100 mafiya tasiri a harkar lafiya.

Ba wannan ne karon farko da Kano ta nuna haka ba. Jijjiga, wadda hawan jinin masu ciki ke kawowa, ta daɗe tana ɗaukar mata, musamman 'yan cikin fari, kuma sau da yawa akan ɗauka iska ce a tsaya hayaƙi da tofi. A 2008 aka shigar da allurar magnesiyam salfet asibitocin jiha guda 10, aka horar da ma'aikata. Rahoton da Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka fitar ya nuna cewa mutuwa a cikin masu wannan lalura ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kashi 2 da ɗoriya. Maganin ba sabo ba ne, kuma ba shi da tsada. Kai shi gefen gado ne ya yi wuya.

To ina gizo ke saƙar yanzu? Lokacin bincike akwai mai kawo leda, akwai mai zagayowa yana duba rajista. Bincike ya ƙare, sai kasafin kuɗi. Ledar nan sau ɗaya ake amfani da ita a yar, don haka asibitin da ke karɓar haihuwa talatin a rana yana buƙatar talatin kullum, har ranar sallah. Oksitosin kuma sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ga shi a garin nan zafin Afrilu yana haura 40, wuta kuwa kun san halinta. Wani bincike da aka buga a 2018 ya auna samfuran wannan allura a Najeriya, kusan uku cikin huɗu suka faɗi gwajin inganci. Ungozoma ta yi allura da zuciya ɗaya, ashe ƙarfin maganin ya tafi tun a shago. Akwai wata allurar, kabetosin mai jure zafi, da aka gwada a ƙasashe 10 har da Najeriya, wadda ba ta buƙatar firiji wajen rigakafin zubar jinin. Sannan tsarin yana son hannu fiye da biyu: ungozoma ɗaya a aikin dare, da mata huɗu suna nishi, ba za ta murza mara ta kuma nemi jijiya a lokaci guda ba.

Abin da ya fi duk waɗannan girma shi ne, ledar ba ta zuwa ɗakin da babu ma'aikacin lafiya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin mata biyar ko ɗaya ba ta cika ba da ke haihuwa a asibiti. Da yawa suna zuwa awo, amma ranar naƙuda sai a ce ai ta saba, wannan ta shida ce. Alhali mahaifar da ta sha haihuwa ta fi saurin sakin jiki. Wata kunya ce ke hana ta faɗa, wata maigida ya yi tafiya bai bar izini ba, wata kuma ta taɓa shan tsawa a ɗakin haihuwa ta rantse ba ta ƙara komawa. Wannan na ƙarshe, ma'aikatan lafiya, naku ne ku gyara.

Mu maza muna cewa haihuwa yaƙin mata, sai mu koma gefe kamar ba mu da rabo a ciki. Malam maigida, izinin nan ka bayar da shi tun ciki yana wata bakwai, a gaban mahaifiyarka da maƙwabta, ko kana gari ko ba ka nan. Ka riƙe lambar mai abin hawa da zai ɗauka ko ƙarfe biyun dare. Ka san rukunin jininta, ka yi magana da 'yan'uwa biyu da za su iya bayarwa. Iyayenmu mata da ke zaman jego, in an haihu a gida kuka ga zani na biyu ya jiƙe sharkaf, ko guda-guda na fita, ko mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, a kama hanyar asibiti, a ci gaba da addu'ar a cikin mota.

Ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da 'yan majalisarmu kuma, muna da tambayoyin da amsarsu lamba ce. A ƙananan hukumomi 44, ɗakunan haihuwa nawa ne ke da wannan leda a yau? Nawa ne firijinsu ke aiki dare da rana? Ungozoma nawa ke kwana a kowanne? Wannan tasha a shirye take ta karanta amsar ga jama'a duk ranar da ta iso.

Nan muka kawo ƙarshen sharhin na yau. A huta lafiya.