Darasi: Kare Lafiyar Leburan Yini Nauyin Mai Aiki Ne

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau na masu ɗaukar leburori ne, wato waɗanda ake ɗauka da safe a sallame su da yamma.

Da yawa suna ɗauka cewa tunda babu takardar ɗaukar aiki, babu nauyi. Ba haka ba ne. Yarjejeniya mai lamba 155 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta amince da ita a 1981 ta ɗora wa mai aiki alhakin tabbatar da cewa wurin aiki da injuna ba sa cutar da ma'aikata, kuma ba ta ware na dindindin daga na yini ba. A 2022 ma ƙungiyar ta sa wannan cikin ginshiƙan haƙƙoƙin ma'aikata.

To, Malam mai aiki, ka saurara da kyau. Leburan da ya zo yau shi ya fi kowa shiga haɗari, domin baƙo ne. Bai san wayar da ke da wuta ba, bai san inda rami yake ba, kuma ba zai tambaya ba, yana tsoron a ce gobe kada ya dawo. Saboda haka kafin ya taɓa komai, ka zagaya da shi. Nuna masa inda ake kashe inji, da inda akwatin taimakon gaggawa yake, da wanda zai kira idan wani abu ya faru. Yi masa bayani da harshen da yake ji, sannan ka sa ya maimaita maka.

Hular kwano, safar hannu, takalmin aiki, takunkumin ƙura, duk kai za ka saya. Sashe na 21 na waccan yarjejeniyar ta ILO ya hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗin kariyarsa. Wallahi yana damuna in ji an cire wa lebura kuɗin hula daga ladan yininsa.

Idan ta hannun ɗan kwangila ya zo, kada ku tsaya tura wa juna nauyi. Sashe na 17 ya ce ku haɗa kai. In kuwa lebura ya ga tsani ya ruɓe ya ƙi hawa, kada ka kore shi, sashe na 13 ya kare shi. Canza tsanin.

A darasi mai zuwa za mu ɗauko batun diyya bayan rauni. Sai mun haɗu.