Dodon da Manya Ba Sa Gani: Lacca kan Labarin Zane na Erica Slaughter

Assalamu alaikum. Abubuwa uku zan taɓo game da Something is Killing the Children, labarin zane na ban tsoro wanda James Tynion IV ya rubuta, Werther Dell'Edera ya zana, kamfanin BOOM! Studios na Amurka ya fara fitarwa a 2019. Fitowa biyar aka shirya masa tun farko, amma karɓuwar da ya samu ta sa aka ci gaba da shi.

Na farko shi ne ginin labarin. A wani ƙaramin gari mai suna Archer's Peak a jihar Wisconsin yara suna ɓacewa, kuma yawancin waɗanda aka gano gawarsu ce a daji. Wani yaro, James, ya tsira a daren da aka kashe abokansa, ya faɗi abin da ya gani, sai mutanen gari suka koma zarginsa. Daga nan Erica Slaughter ta iso, budurwa mai farautar dodanni, wadda take rufe bakinta da baƙin ƙyalle mai zanen haƙora.

Ku lura da wannan, musamman iyayen da ke zaune nan gaba: a labarin, yara ne kaɗai suke ganin dodon, manya ba sa ganinsa. Ina maimaitawa, ba sa ganinsa. Uba zai tsaya a wurin da ake yayyaga ɗansa, idonsa a buɗe, amma bai san abin da yake kashe shi ba. A ganina nan ne ainihin tsoron yake, domin yaron da ya faɗi gaskiya aka ƙaryata shi ya rasa mafaka gaba ɗaya. Mu ma mukan tsorata yara da dodo don su yi shiru, alhali mun tabbata babu shi. Marubucin nan sai ya tambaya, idan yaron ne mai gaskiya fa? Shi ya sa wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda Erica ta saurari James har ta gaskata shi.

Zanen kuma, wanda shi ne na biyu, yana da kaushin layi da duhu, Miquel Muerto ne ya sa masa launi. Sai na uku, ƙungiyar da ta turo Erica, Order of St. George, wadda ɓoye sirrinta ya fi damunta a kan rayukan yara, har takan kawar da shaidu.

Na'am, malama, tambaya gare ki? Tana tambaya ko za a iya ba yara su karanta. A'a, ban ba da shawarar haka ba, domin jini ya yi yawa, kuma ana nuna gawar yara ƙarara. Na manya ne, kuma ko babba ya shirya wa tafiyar hawainiya a tsakiyar labarin Archer's Peak, inda aka ja wasu fitowar fiye da yadda ya kamata.