Abin da ya sa tarakta ba ta zuwa da zarar an danna waya

[Hoto: gona a bayan garin Tawa, washegarin ruwan farko]

Assalamu alaikum, ƴan'uwa manoma. Tun da maganar hayar tarakta ta wayar salula ta fara yawo a zaurukan WhatsApp, tambaya guda ake ta maimaita mana: idan na danna yau, gobe tarakta za ta iso gonata? Amsar ita ce a'a, kuma dalilin yana cikin mataki guda wanda yawancin masu ba da labarin suke tsallakewa.

Tushen abin ba baƙo ba ne a ƙasar Adar, domin mun san aron garmar shanu, mun san hayar amalanke. Wani yana da kayan aiki da ke zaune, wani yana da buƙata, sai a haɗa su. Kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a Najeriya a 2014, wannan tsarin ya ɗora a kan waya. Ana maƙala wa tarakta na'urar GPS, mai ita yana ganin inda take da aikin da ta yi daga inda yake zaune, manoma kuma suna neman ta ta manhaja.

[Hoto: tarakta tana tafiya a gefen kwalta, motoci suna wuce ta]

To, ku dubi tafiyarta da kyau. Kabu-kabu yana sauke fasinja ya ɗauki wani a kwana ta gaba, amma tarakta a hankali take tafiya, tana shan gazuwal, tayoyinta suna cinyewa, kuma duk sa'ar da ta yi a kan hanya ba ta shigo wa mai ita da ko dala ba. Tsakanin Tawa da Ƙonni akwai sama da kilomita 100. Mu ɗauka manomi guda mai hekta ɗaya ne ya kira ta daga can: kuɗin man zuwa da dawowa zai cinye kuɗin huɗar, kuma babu mai tarakta da zai yarda da wannan ciniki, komai kyawun manhajar.

Saboda haka ake sanya mutum a tsakiya, wato wakilin tattara buƙatu. Galibi matashi ne ɗan yankin, mai wayar zamani, wanda yake bin manoma gona-gona yana rubuta sunan kowa da girman filinsa da irin aikin da yake so. Ba ya tura kira sai gonakin da ke kusa da juna sun taru sun kai yawan da zai biya wahalar tafiyar. A lokacin ne mai tarakta yake ganin aikin kwanaki a wuri guda, ya amince, ya sa rana. Wakilin kuma yana samun la'adarsa a kan aikin da aka yi. Ashe dannawar da manomi ya yi shiga layi ce, kuma layin ba ya motsi sai maƙwabtansa sun shigo.

A ganina, wannan wakilin shi ne ainihin sabon abin da tsarin ya kawo, fiye da manhajar kanta. Shi ya san wace gona ce ke cikin fadama inda laka take riƙe taya, wacce ce fako mai tauri da ke buƙatar huɗa mai zurfi, wacce kuma jigawa ce da sungumi ya ishe ta shukar hatsi. Shi ne manomin da bai iya karatu ba zai yarda ya miƙa wa kuɗinsa. Abin da ke damuna shi ne mai ƙaramin fili a nesa da hanya, musamman mata masu gayauna, domin idan wakili bai taka ya je wurinsu ba, ko ƙungiyarsu ba ta haɗa filayenta a kira guda ba, tarakta za ta wuce su ta tafi wurin masu manyan gonaki.

[Hoto: faifan garma yana juya ƙasa, allon waya yana nuna taswirar gona]

Sauran matakan hoton ya nuna su. Direba ya yi huɗa, na'ura ta auna filin da aka gama, a biya gwargwadon awon, gardamar girman gona ta ragu.

Sai dai damina a nan gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma da ruwa ya sauka kowa a mako guda yake neman tarakta. Wakilin da ya fara rubuta sunaye tun watan Afrilu, lokacin da ake sharar gona, shi ne garinsu yake samun rana a farkon layi.