Shari'a a dosiye (tarin takardun ƙara) take: laccar wani lauya ga ƴan kasuwar Maradi

Wanga yanki na kwaso shi daga rikodin wayata, yadda Metir, wato lauyan, ya faɗa.

To jama'a, wasunku suna zaton aikin lauya shi ne ya sa baƙar riga ya miƙe gaban alƙali ya yi ta zuba. Wannan shi ne ƙarshen aikin. Mu nan Nijar tsarin Faransa munka gada, a ƙarar kuɗi rubutu ka magana, ba kamar Katsina ko Kano ba inda lauya ka tsare shaida da tambayoyi har ya yi gumi.

In Alhaji ya shigo kabine, wato ofishina, ya ce wane ya ci mishi kuɗin buhun shinkafa ɗari, abin da nika fara tambaya, yaushe? Don bisa dokar kasuwanci ta OHADA, wadda ƙasashe 17 ke bi har da mu, rikicin saye da sayarwar kaya tsakanin ƴan kasuwa shekara 2 gare shi, in ta wuce sai a ce lokaci ya cinye haƙƙinka, kai kuma kana can kana kawaici wai ɗan uwa ne, ana haɗuwa masallaci.

Sannan takarda. Nan ne ake shan wuya wallahi. Mutum ya ba da kayan miliyan goma da baki, rasit babu, sa hannu babu, sai ya jawo mini wani littahi duk maiƙo da lissahin yaron shago. Kada ku raina shi hwa, muna amsa, mu haɗa da rasit ɗin tura kuɗi da saƙon WhatsApp inda mutumin da kanshi ya ce a yi mishi haƙuri sai bayan Salla, a kai ma wisiye, jami'in shari'a mai shaida abin da ya gani ko ya ji, ya saurara ya rubuta. Kowace takarda mu sa mata lamba, kuma dole mu miƙa ma lauyan wancan ɓangare ya gani tun kahin zama, ba a ɓoye hujja a hiddo ta ranar. Su rubuto amsa, mu maida, wannan kai da komo shi ka cin watanni kuna cewa lauya ya yi barci.

Rikicin gona kuwa sai an fara biyawa wajen sarki ya gwada sulhu, ku riƙe takardar da anka rubuta can, da ta hukumar filaye in akwai.

Wani ya ɗaga hannu can baya, Alhaji bismilla, a miƙa mishi makirfon.