Jawabin maraba ga mai girma Ministar harkokin mata a ziyararta garin Dogon Dutsi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma Minista, iyayenmu sarakuna, malamai, iyaye mata da 'yan'uwa, barkanmu da wannan rana.

Ranki ya daɗe, sannu da hanya. Daga Yamai zuwa nan tafiya ce, mun kuma san aikin da kika ajiye kika taho. A madadin matan wannan yanki namu na Arewa, birni da ƙauye, muna yi miki lale marhabin.

Kin sauka a ƙasar da ta haifi Aissa Diori, uwargidan shugaban Nijar na farko, Diori Hamani. A 1928 aka haife ta, Bafulatana ce daga Togone, nan kusa da mu. Ta auri Diori a 1945, yana malamin makaranta, ba wanda ya san mulki zai zo hannunsa. Tana ɗakinsa aka kafa jam'iyyarsa ta PPN a 1946, tana ɗakinsa ƙasa ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960.

Da ta shiga fadar shugaban ƙasa ba ta zauna bayan labule ba. Ta riƙe ƙungiyar matan Nijar, ta raka mijinta ƙasashen waje, ta tarbi manyan baƙi, har ya zama duk mai neman kunnen shugaba ya san maganarta tana da nauyi. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda ta dage a kai 'ya'ya mata makaranta, a zamanin da uba ke ganin aika 'yarsa lakwal kamar zubar da ita ne. Mu da muke iya riƙe alƙalami yau mun san akwai guminta a ciki.

Ba za mu ɓoye miki sauran labarin ba, domin tarihinmu ne. A shekarun fari, lokacin da dabbobi ke mutuwa, talakawa na barin garuruwansu saboda yunwa, an yi ta ƙorafi kan dukiyarta da gidajen da take bayarwa haya a Yamai. Ɗalibai sun yi ta sukarta sosai. Wannan fushi na cikin abin da sojoji suka fake da shi. A daren 15 ga Afrilu 1974, da Seyni Kountché ya kifar da gwamnati, aka harbe ta a fada. Aka tsare mijinta shekaru, ita kuwa aka kawo ta Togone aka rufe. Ko me aka zarge ta da shi, uwa ce, kuma ba kotun da ta saurare ta. Allah Ya gafarta mata.

Ranki ya daɗe, ga kokenmu. Yarinyar ƙauye takan gama firamare da sakamako mai kyau, sai a rasa gidan da za ta sauka a gari ta ci gaba, shekara na zagayowa a ɗaura mata aure. Muna roƙon a gina wa 'yan matan nan wurin kwana kusa da makaranta, da abinci da mai kula da su, domin iyaye su saki jiki. Takardar koken tana hannun shugabarmu, za ta miƙa miki.

Allah Ya mai da ke gida lafiya. Bismillah, fili naki ne.