Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi a Taron Tunawa da Malaminmu, Birnin Damagaram

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta.

Mai girma Ministan Ilimi na Ƙasa, mai girma Gwamnan jihar Damagaram, wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, shugabannin birni, masu unguwanni, malaman addini, sufetocin ilimi da daraktocin makarantu, iyayenmu maza da mata, 'yan lakwal, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, barka da sauka lafiya. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi da Tasawa ya san cewa tsakanin Yamai da nan akwai tafiyar kusan kilomita 900, kuma ba kowane babba ne zai bar ofis ya ɗauko ta saboda malamin firamare da ya riga mu gidan gaskiya ba. Kai ka ɗauko. Ƙwazonka da riƙon amanarka sun riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafa su ba. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka ɗaukaka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka kwamitinmu ya ce a fara da abin da ya fi damunmu. Ka dubi bayanka, ranka ya daɗe. Wancan zaure da babu rufi a kansa shi ne ɗakin karatu da wasan kwaikwayo da marigayi ya tara mu muka gina da gayya. Iskar daminar bara ta yaye kwanon, ta karya katakon, ruwa ya sauka a kan bango. Shi ya sa muka karɓe ka a ƙarƙashin rumfa. Roƙonmu na farko shi ne a rufa mana wannan zaure kafin hadarin bana ya taso.

Ka sauka a garin da ba baƙon girma ba ne. A nan Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, a nan maƙera suka zuba igwa da hannunsu tun kafin zuwan mulkin Turawa. Ayarin raƙuma daga Tarabulus ta Agadas a unguwar Zango yake sauke kaya kafin ya wuce Kano, fatun da majemanmu suka jeme kuwa sun ci kasuwanni masu nisa. Da Faransawa suka zo, ba da guɗa aka tare su ba. A 1898 aka kashe kyaftin ɗinsu Kazmaju a garin nan, a 1899 dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka tsaya musu a Tirmini, kuma sarkin ya rasa ransa a wannan shekara. Yau sunansa ne a kan babbar lisen garin. Su kansu Turawan a nan suka kafa hedikwatar ƙasa a 1911, sai a 1926 suka kwashe ta zuwa Yamai. Cikin dalilan da aka bayar har da ƙarancin ruwa. Kusan shekara ɗari ke nan, amma je ka unguwanninmu a watan bazara ka ga layin bido tun kafin kiran assalatu, ka ga yarinyar da ya kamata tana aji tana jiran famfo ya kawo. An tafi da hedikwata, an bar mu da ƙishirwa. Dattawanmu ba su manta ba, mu ma ba mu manta ba.

Duk da haka Damagaram ba ta taɓa riƙe hannunta ga ƙasa ba. Tun 2011 man da ake tacewa a jiharmu yake tafiyar da motocin Nijar. A nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyar da yara da harshen gida a 1973, da Hausa, lokacin da mutane da yawa ke ganin boko ba ya yiwuwa sai da Faransanci. Da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, mu a nan mun ce ai hanyar da aka fara sharewa a garinmu ce aka biyo. Jami'armu da aka kafa a 2010 tana ɗauke da sunan ɗan garin nan, Farfesa André Salifou, masanin tarihi wanda ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991, wanda kuma shi ma ya ɗora tarihin Tanimun a kan dandalin wasan kwaikwayo. A Damagaram malami da ɗan wasa ba su taɓa zama abokan gaba ba. Garin wasan kara ne, inda samari ke shigar sarki da gwamna da alƙali su yi wasa da manya a gaban manya, kowa ya yi dariya, kowa ya ɗauki saƙonsa.

Daga wannan gida mutumin da muka taru dominsa ya fito. Ba ya cikin littafin tarihi, ba a taɓa rataya masa lambar girma ba. Unguwa duka Mushe take ce masa, wato "Monsieur" da ake kiran malamin boko da shi, da wanda ya karantar da wanda bai karantar ba.

Ajin farko ya riƙe mafi yawan rayuwarsa, kuma da son ransa. Malamai sun san abin da wannan ke nufi: yara 'yan shekara shida da bakwai cike da ɗaki, wasu a tabarma, wasu suna kukan gida, babu wanda ya san kalma ɗaya ta Faransanci. Shi da Hausa yake fara kama su. Da tsakuwa da ƙwallon dabino yake koya ƙidaya, baƙaƙe kuma a kan yashin tsakar lakwal kafin a taɓa allo da alli. Yaro bai bar hannunsa ba sai ya iya rubuta sunansa da na mahaifiyarsa. Idan kujerar yarinya ta kwana biyu babu kowa, ba takarda yake aikawa ba. Bayan la'asar zai tura kekensa har ƙofar gidan, ya yi sallama, ya zauna a zaure da maigida, a gaisa a tambayi gona, sannan a zo kan maganar farantin talla. Wani lokaci ya yi nasara, wani lokaci a sallame shi da haƙuri, mako mai zuwa ya koma. A cikin matan da ke zaune a gabanka akwai ungozoma, akwai malamai, akwai mai shagon ɗinki da ke rubuta lissafinta da kanta, kuma kowacce ta san keken da ya tsaya a ƙofar gidansu.

Akwai wani aiki nasa da ba a cika ambata ba, mu kuwa muna ganin ya kai kowane aiki. Yaro nawa ne ya yi shekara shida a lakwal, ranar rubuta sunayen masu jarabawa aka ce ba shi da takardar haihuwa? Mushe tun daga ajin farko yake bin wannan. Ya tara iyaye, ya cika musu takardu, ya raka su inda ake yi, ya tsaya a layi tare da su. Wasiƙun tsofaffi zuwa ga 'ya'yansu 'yan ci-rani a Kano ko Libiya, kafin zuwan wayar salula, shi ke rubutawa, in amsa ta zo shi ke karantawa, kuma ba a taɓa jin sirrin gidan wani a bakinsa ba. Bayan isha'i kuma ga ajin yaƙi da jahilci da fitilar ƙwai, mahauta da masu kura da 'yan garuwa suna haɗa baƙi.

To, sai wasa. Waɗanda suka ga zamanin samariya, wato ƙungiyoyin matasa na unguwanni, lokacin Janar Seyni Kountché, sun tuna yadda unguwa ke gasa da unguwa, jiha ke gasa da jiha a bikin matasa na ƙasa. A nan ya kamu da son dandali, bai kuma sake shi ba har ƙarfinsa ya ƙare. Bai taɓa karɓar ko dala a kan wasa ba. Ba a rubuta musu magana. A zauna a tsara labari, kowa ya san matsayinsa, sauran kuma baki ne zai kawo a gaban jama'a. Da tsohuwar riga, da rawanin aro, da gemun auduga, sai ga Mushe ya zama maigida marowaci mai ƙidaya ƙwayar gero, ko boka mai cin kuɗin marar lafiya, ko uban da ya karɓi sadakin 'yarsa tana aji biyar. Mugun matsayi yake zaɓa wa kansa, ya bar wa samari na kirki. Mutane su yi dariya har da hawaye, amma a hanyar komawa gida sai ka ji ana gardama a kan auren wuri, da allurar rigakafi, da tsadar kayan ɗaki. Abin da wa'azin ofis bai shigar ba, dariya ta shigar. Washegari da safe kuma ga shi a bakin aji, babu yaron da ya isa ya yi masa wargi.

Yashe magudanar ruwa kafin damina, da shi. Haƙa kabari, da shi. In an ce mai haihuwa tana neman jini, ya riga mai shela isa. Ba mai kuɗi ba ne, albashin malamin firamare kowa ya san iyakarsa, kuma an sha yin watannin da bai zo a kan kari ba. Ya yi ritaya a gidan da ya gada, ya rasu a cikinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ba iyalinsa haƙuri.

Ranka ya daɗe, wancan zaure shi ne abin da ya bari. Ba gwamnati ta gina ba, ba wata ƙungiyar waje ba. Mata suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa a garin da ruwa ke da tsada, samari suka buga tubali, magina suka yafe ladan kwanakinsu, 'yan kasuwar Dole suka sayi kwano. Littattafan ciki ɗaya-ɗaya ya roƙo su daga tsofaffin ɗalibansa. Yau suna cikin buhuna a ɗakin wani maƙwabci, muna tsoron gara, muna tsoron ɓera. 'Yan ajin jarabawa da ke zuwa bita da dare sun watse. Samarin ƙungiyar wasa sun koma fada suna shan shayi har tsakar dare, kuma mu iyaye mun san abin da zaman banza ke jawowa a garin nan, ba sai an ba mu labari ba. Mun rubuta takardu, mun kai inda ya kamata, an ce mu jira. Mun jira rani guda. Da aka yi Zinder Sabuwa a 2018, wato aikin gyara garin nan don bikin ranar jamhuriya, mun ga manyan tituna sun yi kyau, mun yi murna, amma aikin bai leƙo lungunmu ba.

Ba mu zauna hannu sake ba. Dala-dala, jika-jika, mun tara abin da ya sayi siminti, mun ɗaure kan bangon da ya tsage. Ƙarfinmu ya tsaya a nan. Abin da ya rage kwano ne da katako da ƙusa da ladan kafinta. Bangon ƙasa ba ya jure damina biyu a buɗe. In ruwan bana ya same shi haka, ba rufi za mu roƙa baɗi ba, gini ne gaba ɗaya.

Muna da wasu buƙatu, za mu faɗe su a taƙaice. Lakwal ɗin da ya yi wa hidima har yanzu tana da azuzuwan zana, kuma tun gobarar da ta cinye ƙananan yara a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi a 2021, babu uwar da ke sakin hannun ɗanta da safe da kwanciyar rai. Muna roƙon a gina su. Muna roƙon tankin ruwa a harabar makarantar. Muna kuma roƙon izinin hukuma a sa wa zauren sunan marigayi, iyalinsa sun amince. Amma in aka ce mu zaɓi ɗaya a yau, kwamiti ya riga ya yi shawara, babu wanda ya saɓa: rufin.

Kai ma wani malami ne ya fara riƙe hannunka a kan allo, ranka ya daɗe, kuma mun tabbata ba ka manta da shi ba. Shi ya sa ba mu ji nauyin yi maka wannan magana a bainar jama'a ba. Lissafin kayan aiki da kafinta ya yi yana cikin ambulan da shugaban iyayen yara zai miƙa maka yanzu, tare da sunayen mutum uku da unguwa ta amince su riƙe amanar aikin. In kwano ya iso, hannun da zai ɗora shi ba zai yi wuya ba, samarinmu a shirye suke.

Bayan addu'a, 'yan ƙungiyarsa za su yi gajeren wasa daga cikin waɗanda ya tsara, sannan muna roƙon ka tako da ƙafarka cikin zauren ka ga bangon da idonka kafin ka wuce fada. Allah ya mai da kai gida lafiya, ya ba Nijar zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin tsofaffin ɗalibai da iyayen yara, Damagaram.