Kawu, Suruka da Hancin Ango: Yadda Gujaratawa Ke Aure

Assalamu alaikum. Iyaye da 'yan'uwa, yawancinmu a fim muka san bikin Indiya, shi ya sa muke ɗauka duk ƙasar abu ɗaya take yi. Ba haka ba ne. Yau Gujarat za mu leƙa, jihar da ke yammacin Indiya a bakin teku, mahaifar Mahatma Gandhi, wadda aka ware daga tsohuwar jihar Bombay a 1960. Kuma ku lura, auren mabiya addinin Hindu nake nufi. Musulmin jihar nasu daban.

Baiko ba shi da tsawo. Ana raba mazarƙwaila gauraye da 'ya'yan wani ganyen ƙamshi, kowa ya ɗanɗana, magana ta tabbata. Daga baya a shafa wa ango da amarya kwaɓin kurkur, a yi daren garba, rawar da maza da mata ke zagayawa da tafi, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2023. A al'ada abincin biki ba nama, giya kuwa dokar jihar ma ta haramta ta.

To amma inda nake so ku saurara da kyau shi ne matsayin kawu, ɗan'uwan uwar amarya. Kafin ranar aure yakan zo da kayansa niƙi-niƙi: kayan ado, awarwaro, da wani farin sari mai jan baki da suke kira panetar. Da shi amarya za ta shiga rumfar aure, kuma kawun ne zai kai ta, a wasu gidajen ma ɗaukarta yake yi cak. Su kuma dangin ango sukan kawo nasu sarin, ja mai zanen gida-gida, gharchola, a lulluɓa mata a bisa na farkon. Kun ga ke nan tufafin jikinta kaɗai sun gaya wa mahalarta daga inda ta fito da inda za ta. A ganina, babu abin da ya kai wannan ma'ana a duk bikin.

Sai dai raba 'ya da gidansu abu ne mai ɗaci, don haka suka cika ranar da barkwanci. Ango na isowa, uwar amarya za ta tare shi a ƙofa, ta yi masa maraba, sannan ta kai hannu ta kama masa hanci! Wai tuni ne cewa roƙo ya zo yi, ya sauke girman kai. Abokansa kuwa suna ta ƙoƙarin kare shi. Ku dubi bambanci da mu, inda suruki ko haɗa ido da surukarsa ba ya iya yi. Da ya cire takalmi zai shiga rumfa, ƙannen amarya sun yi awon gaba da su, ba zai sake ganinsu ba sai ya biya.

A cikin rumfar, iyaye su ɗora hannun 'yarsu a kan na ango, a ƙulle gefen tufafin ango da amarya, su biyun su zagaya wuta. Sau huɗu Gujaratawa ke zagayawa, ba bakwai ba kamar yadda aka saba gani a wasu yankunan: ɗaya na riƙon addini, ɗaya na neman arziki, ɗaya na soyayya, na ƙarshe na tsirar rai. Ana gamawa sai rige-rigen zama, wanda ya riga shi ne wai zai juya gidan.

Ko a gidan ango ba a bar su sun huta ba. A zuba madara da jan gari a faranti, a jefa zobe, su yi ta lalube sau bakwai. Wanda ya tsinta sau huɗu ya ci, kuma kowane dangi na tsaye a bayan nasu suna ihu, har da dattawa.